Gargaɗi Ga Iyalan Hartum da Umdurman: Kada Wanda Ya Dawo Daga Fagen Fama Ya Kwana da Makami

Jama'ar Hartum da Umdurman da Bahri, da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Ingaz da Mayo da sauran unguwannin babban birnin Sudan, da danginsu na Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Damazin, wannan kira ne na gaggawa. Duk gidan da ɗansu ko maigidansu ko ƙanensu ya dawo daga fagen fama, aka lura ba ya runtsawa da dare, yana zabura in an buga ƙofa, kuma yana kwana da bindiga ko gurneti a ƙarƙashin katifa, to a raba shi da wannan makami yau, tun rana ba ta faɗi ba. Kada a ce sai Juma'a. Kada a ce sai kawunsa ya iso. Duk abin da zan faɗa nan gaba yana bin bayan wannan ne.

Na san wani zai ce: yaron nan ya tsallake harsashi da igwa har shekara biyu, Allah ya dawo mana da shi da ƙafafunsa, me ya rage in ba godiya ba? Godiya wajibi ce. Amma a tuna abin da ya tsallake ɗin. Yaƙin nan ya ɓarke ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, tsakanin sojojin ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, kuma a tsakiyar gari aka yi shi, lungu-lungu, gida-gida. Waɗanda aka ritsa da su a barikin injiniyoyi na Umdurman ba a buɗe musu hanya ba sai Fabrairun 2024. Na babbar hedikwatar soja ta Hartum sun shafe wata 21 a kewaye, sai Janairun 2025 aka kai musu ɗauki. A tsawon wannan lokaci akwai maharba a saman benaye, akwai luguden wuta ba dare ba rana, akwai jirage marasa matuƙa, gawa kuma ana binne ta a ƙofar gida da filin makaranta domin maƙabarta ba ta kaiwa. Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, sannan ranar 20 ga Mayu suka bayyana cewa babu sauran RSF a jihar Hartum. Faɗan ya koma Kurdufan da Darfur, Alfashir ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025, mazaje kuma suna tafiya suna dawowa, wani da hutu, wani da rauni, wani ya ajiye ke nan.

Da yawa cikin masu dawowar ma ba sojoji ba ne tun asali. A Yunin 2023 Burhan ya kira matasa su ɗauki makami, aka samu 'yan sa-kai da ake ce wa mustanfarin: ɗalibai, teloli, masu tuƙa raksha, masu gasa burodi. Horon ɗan lokaci aka yi musu aka tura su gaba. Soja yana da bariki da kwamanda da asibitin soja. Ɗan sa-kai kuwa in ya dawo, ɗakin uwarsa ne barikinsa, ita ce kuma za ta fara ganin abin da ya dawo da shi.

Abin da ya dawo da shi cuta ce sananniya, likitoci na taƙaita sunanta da PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali. Jikin ɗan Adam yana da shirin tsira. In ya ga mutuwa, zuciya ta ƙara bugu, kunne ya buɗe, barci ya gudu, jijiyoyi su ɗaure. Wannan shiri shi ya kuɓutar da yaron a Shambat ko a Salha. Ga mafi yawan mutane, in haɗari ya wuce jiki yakan sauka cikin 'yan makonni. Ga wasu kuwa ba ya sauka. Ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, har ƙarar raksha ko warin ƙonannen roba su mayar da mutum tsakiyar ranar da abokinsa ya mutu a hannunsa. Kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa ce, fata ta rufe, mai kallo ya ce ya warke, ita kuwa tana ruruwa a ciki. In alamomin suka wuce wata ɗaya suna hana mutum rayuwarsa, ya zama ciwon da ke buƙatar magani. Wani ma sai bayan wata shida ko fiye yake bayyana, an gama walimar dawowa, kowa ya watse.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai tsanani zuwa fargaba zuwa wannan firgici. Wannan lissafin jama'ar gari ne gaba ɗaya. Amurka, wadda ta fara amincewa da cutar a hukumance a 1980 bayan yaƙin Biyetnam, ta samu cewa tsakanin 11 zuwa 20 cikin 100 na sojojinta da suka je Iraƙi da Afganistan suna fama da ita. Waɗannan sojoji ne da aka ɗauke a jirgi aka mayar garuruwan da ba a taɓa jefa musu bam ba. Na Sudan kuwa unguwar da ya yi faɗa a ciki ita ce unguwarsu. Kullum sai ya wuce ta kwanar da abin ya faru in zai je masallaci.

Iyaye mata sun fi kowa gane shi, kuma maganarsu ɗaya ce: tun da ya dawo ba shi ba ne. Yana ihu cikin barci, ya farka jiƙe da gumi, ko kuma ya kwana zaune yana gadin ƙofar da ba wanda ke nufinta. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Yaro ya yar da kwano, shi kuma ya kwanta ƙasa ko ya tashi da duka. Mutumin da da shi ne mai raha a majalisa, yanzu ya rufe ɗaki, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, ɗansa ya hau cinyarsa bai ji komai ba. In an tambaye shi sai ya ce ba komai, ku ƙyale ni. Wani kuma ba ya maganar tsoro ko kaɗan, ciwon kai yake kawowa, da bugun zuciya, da ciwon ciki, a yi ta ba shi maganin zazzaɓi da na gyambon ciki ba sauƙi. Akwai kuma wanda bam ya tashi kusa da shi, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba tare da jini ya fita ba, ga mantuwa ga jiri ga saurin fushi. Shi wannan lallai a gaya wa likita maganar bam ɗin, domin dubawarsa dabam ce.

Yanzu in zo kan abin da muke yi da kanmu muna ƙara wa ciwon ƙarfi, domin nan ne zuciyata ta fi ƙuna.

Na farko shi ne kalmar nan ta "kai fa namiji ne". Da ita muke rufe bakin mutumin da ya tsaya a gaban igwa lokacin da mu muke gudun hijira. Mai bi mata ita ce zargin raunin imani, a ce da yana azkar da bai firgita ba. Wannan magana zalunci ce. Mahaddata sun kamu, limamai sun kamu, manyan hafsoshi sun kamu. Wanda aka ce wa imaninsa ne ya yi rauni ba zai sake buɗe baki ba, zai koma ɗaki da ciwo biyu.

Sai maganar aure. A yi masa aure zai natsu, in ji dattawa, kuma da kyakkyawar niyya suke faɗa. Ina roƙonku da girman Allah ku dakata. Yarinya mai shekara 18 ba likita ba ce. In aka rufe ta ɗaki ɗaya da mutumin da ke shaƙe wuyan na kusa da shi cikin mafarki, an cuce ta an cuce shi, domin in ya farka ya ga abin da hannunsa ya yi, baƙin cikin ya fi na da. A yi magani tukuna, a gaya wa iyayen yarinya gaskiya, sannan a sa rana. Matar da ke cikin gidan tun da, in duka ya fara ko ya taɓa nuna mata makami, ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta har a shawo kan lamarin. Kada wani ya kira wannan yaji ko rashin haƙuri, kada a mayar da ita da sunan biko alhali ba abin da ya canza. Ceton rai ne, har da ran mijin.

Sannan mari da sarƙa da bulala. In an ce iska ce ko jifa ne, sai a kai shi inda za a ɗaure ƙafarsa, a hana shi abinci, a yi ta dukansa wai ana dukan aljani. Ku yi tunanin wanda ya taɓa zama a tsare a hannun abokan gaba, aka azabtar da shi, sannan danginsa suka kai shi aka sake ɗaure shi. Ba ina hana addu'a ba ne, Allah ya kiyaye. Sudan ma ta riga duniya sanin yadda malami da likita za su haɗa hannu. Farfesa Tijjani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, ana kuma lissafa shi cikin iyayen wannan fanni a Afirka. Ya buɗe asibitin masu lalurar a Bahri a 1949, bai kuma raina shehunnai ba, ya zauna da su, ya nemi su riƙa turo masa marasa lafiya. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa yake ɗauke da shi. Masid, wato cibiyar shehunnai, ta Ummu Dawwan Ban da ke gabashin Hartum ta daɗe tana karɓar masu irin wannan lalura, kuma likitoci sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shehunnanta. A yi ruƙiyya, a yi sauka, a yi sadaka, a kuma je asibiti a rana ɗaya. Malamin da ya ce a jefar da ƙwayar likita, ko ya ɗauko sarƙa, ku ɗauke ɗanku daga wurinsa.

Wanda ba ya barci zai nemi abin da zai sa shi barci, kuma kasuwar a buɗe take. Bango, wato wiwi, da tiramadol sun daɗe, ƙanƙarar nan da ake kira ayis ta riga yaƙi shiga unguwannin Hartum, a Fabrairun 2025 kuma hukumomi suka gano masana'antar ƙwayar kaftagon kusa da matatar mai ta Jaili, arewa da Bahri. Wasu sun koyi sha ne a fagen fama don su kwana biyu ido buɗe. Ayis da kaftagon suna ƙara hana barci, suna sa zargi, har mutum ya ga maƙwabcinsa ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne. In rashin barci da ƙwaya da bindiga suka haɗu a ɗaki ɗaya, to a shirya makara, abin da ba a sani ba kawai shi ne ta wa. Akwai kuma tarkon da ya fi kama da taimako: a je kantin magani a sayo Valium. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2013 cewa irin waɗannan ƙwayoyi ba maganin wannan firgici ba ne, suna iya jinkirta warkewa, ga kuma kama jiki.

Yadda za a karɓi makamin yana da muhimmanci. Kada a yi kokawa da shi, kada a yi lokacin da ransa ke ɓace, kada a tara masa jama'a. A samu mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, mahaifi ko kawu ko abokin da suka yi faɗa tare, ya zauna da shi da safe bayan shayi ya ce: ɗana, akwai yara a gidan nan, mu kai ta wurin kwamandanka a ajiye. In soja ne mai hutu, ma'ajiyar makaman rundunarsa ce wurinta. In ɗan sa-kai ne, sansanin da ya ba shi ita. In ya ƙi, a fara da raba bindiga da harsasai, a kai su wani gida. Gurneti kuwa kada mace ko yaro ko wanda bai san shi ba ya taɓa, a kira waɗanda aikinsu ne su ɗauka. A Amurka tsoffin sojoji fiye da 6,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan 7 cikin 10 da bindiga suke yi. Tunanin kashe kai yakan taso ya yi tsanani na ɗan lokaci sannan ya lafa. Wanda babu makami kusa da shi a wannan lokaci, sau da yawa yakan wayi gari da rai.

Ku saurari irin waɗannan kalamai: na gaji, da ni na tafi maimakon wane, kun kusa hutawa da ni. Ku lura in ya fara rabar da kayansa, yana bin mutane yana neman yafiya ba dalili, ko ya natsu farat ɗaya bayan dogon ƙunci. A nan kunya ba ta da wuri. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, masana sun tabbatar da haka, sau da yawa ma ita ke buɗe ƙofa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai ko na sa'a ɗaya, kada a yi masa wa'azin wuta, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 tana hukunta yunƙurin kashe kai, wannan na sa iyalai ɓoyewa. Ya kamata a soke wannan sashe, amma kafin a soke, kada tsoronsa ya sa ku rufe ƙofa a kan mai neman mutuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, magani ya yi ƙaranci. Tun kafin yaƙi, likitocin ƙwaƙwalwa a Sudan ba su kai 1 ga mutum miliyan 1 ba, mafi yawansu kuma a Hartum suke, inda wutar ta fara ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan faɗa sun daina aiki. Mutum fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu, fiye da miliyan 1 kuma sun riga sun komo Hartum, kowa da nasa ciwon. Duk da haka cutar tana jin magani, kuma ba dole sai babban likita ba. Akwai maganin zama da tattaunawa da ƙwararre, inda ake bi da mutum sannu a hankali har tunanin ya daina kayar da shi. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yanke su a kwana 10 a ce ba sa aiki. Akwai wani tsari na zama 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya domin waɗanda ba likitoci ba, an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya ya yi amfani. Matasan ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka ciyar da unguwanni a takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, lokacin da ba kowa, su ne suka fi dacewa a koya wa wannan. Ku tambaya a cibiyar lafiyar unguwa, ku tambaya a asibitin Nau, ku tambayi asibitin Tijjani al-Mahi da na Taha Ba'ashar na Bahri inda likitocinsu ke ganin marasa lafiya yanzu, sojoji kuma su nemi asibitin soja na Umdurman.

A gida kuma kada a matsa masa sai ya ba da labari. Masu zuwa barka da dawowa su daina tambayar mutum nawa ya kashe. In ya so magana a saurara, in bai so ba a zauna da shi shiru. A ba shi aikin hannu, gyaran katangar da ta rushe ko ɗebo ruwa ko komawa shago, a riƙa cin abinci tare, yara kuma a gaya musu babansu ba shi da lafiya ne, ba laifinsu ba ne.

Akwai wanda abin da ya gani bai dame shi kamar abin da ya aikata ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara shaidu na kisan fararen hula da azabtarwa da fyaɗe a wannan yaƙi, kuma ta ɗora laifuffuka a kan ɓangarorin biyu. Ciwo ba ya wanke laifi, haƙƙin wanda aka zalunta yana nan, shari'a kuma ta yi aikinta. Amma barin mai laifi da ciwonsa da makaminsa a cikin unguwa ba adalci ba ne ga kowa, sabon wanda za a zalunta kawai ake jira. Haka yaron da aka yaudara ko aka tilasta ya bi RSF sannan ya gudo. In an rufe masa kowace ƙofa, ƙofar 'yan fashi a buɗe take.

Ga hafsoshi da gwamnati: kada a sallami mutum daga fagen fama sai an karɓi makaminsa, an duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, an rubuta inda zai koma, an kuma sake nemansa bayan wata 3 da wata 6. 'Yan sa-kai su shiga wannan tsari daidai da sojoji. Sudan ta yi yaƙin Kudu daga 1983 zuwa 2005, ta yi na Darfur tun 2003, ta tura 'ya'yanta Yaman tun 2015, kuma kowane zango ya bar mazaje da suka dawo aka bar su da iyalansu su ji da shi. Mu ma na Najeriya da Nijar wannan gargaɗi namu ne. A Fabrairun 2020 wani soja a Malam Fatori ta jihar Borno ya harbe abokan aikinsa 4 sannan ya kashe kansa. A Oktoban 2022 Hajiya Aisha Buhari, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta faɗa a bainar jama'a a Abuja, wajen aza harsashin cibiyar kula da sojoji masu wannan cuta, cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da ita bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. In matar shugaban ƙasa ta iya faɗa, babu gidan da ya fi ƙarfin faɗa.

Limamai, ku ɗauki wannan magana a huɗubar Juma'a mai zuwa, ku gaya wa mutane daga kan mumbari cewa neman maganin wannan ciwo ba abin kunya ba ne. Ku kuma 'yan'uwa da ke Jidda da Alƙahira da Kano da Yamai, masu aika kuɗin cefane ta manhajar Bankak, in kun kira gida kada ku tsaya a gaisuwa. Ku nemi uwarsa ko matarsa ita kaɗai, ku tambaye ta ko yana barci, ko yana shan wani abu, ko ya taɓa ɗaga mata hannu. In amsar ta tayar muku da hankali, ku ware kuɗin mota da na likita a cikin aiken wannan watan, ku kuma sa wani babba ya raka shi.